Haƙar Kwal ta Hanyar Dogon Bango: Kayan Aiki da Yadda Ake Yi

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga ana gina soro ya san cewa rufi ba ya zama sai da abin da ya tokare shi. Idan faɗin ɗaki ya wuce tsawon azara, dole magini ya kafa ginshiƙi a tsakiya, ko kuwa ya ɗaura bakan gizo. Matsalar da magini yake fama da ita a bisa ƙasa ita ce mai haƙar kwal yake fama da ita a ƙarƙashin ƙasa. Bambancin kawai shi ne nasa rufin ba na azara da laka ba ne, dutse ne mai kaurin mita 200 ko 500, wani wurin ma fiye da mita 1,000.

Kwal ba dunƙule yake a cikin ƙasa ba. A shimfiɗe yake kamar tabarma tsakanin dutsen sama da dutsen ƙasa. Kaurin shimfiɗar kan kama daga ƙasa da mita ɗaya zuwa mita da dama, faɗinta kuwa kan kai kilomita masu yawa. Da zarar an cire kwal ɗin, an bar sarari, kuma nauyin da ke sama zai nemi ya rufe wannan sarari. Saboda haka tambayar da ke gaban kowace mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ita ce: yaya za a yi da rufi?

Amsa biyu aka fi sani. Ta farko ita ce irin ta magini, wato a haƙa ɗakuna a bar ginshiƙan kwal a tsakaninsu suna riƙe da rufin. Wannan ita ce hanyar ɗaki da ginshiƙi. Tana da sauƙin farawa, amma sau da yawa wajen rabin kwal ɗin akan bari a ƙasa, tun da ginshiƙan ma kwal ne. Amsa ta biyu kuwa ta saɓa wa abin da hankali yake fara kawowa: a kwashe kwal ɗin gaba ɗaya, a bar rufin ya faɗi, amma a tabbatar ya faɗi a bayan ma'aikata, a lokacin da aka so. Wannan ita ce hanyar da Turawan Ingila suke kira da sunan da ma'anarsa ita ce "dogon bango". Da ita akan samu kashi 80 cikin 100 na kwal ɗin yankin da ake haƙa, ko fiye. Wanda ya riƙe wannan magana ta barin rufi ya faɗi ba zai sha wuyar gane sauran bayanin ba, domin kowane inji da za a ambata an ƙera shi ne saboda ita.

Sana'ar ba ta ƙasar Hausa ba ce, don haka yawancin sunayen kayan aikin da ke cikin wannan takarda an ɗauko su ne daga kalmomin gida, kamar dirka da garkuwa da kufai, aka faɗaɗa ma'anarsu. Yana da kyau ɗalibi ya lura da yadda kowace ta dace da aikin da aka ba ta.

Asalin hanyar

An fara amfani da dogon bango a yankin Shropshire na ƙasar Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 17. A lokacin komai da hannu ake yi. Ma'aikata sukan jeru a gaban doguwar fuskar kwal, su fafe gindinta da diga suna kwance a kan haƙarƙari, sa'an nan su karyo na saman. Rufin da ke kansu suna tokare shi da dirkokin itace. In an ci gaba, sai a cire dirkokin baya a mai da su gaba, a tara duwatsu a wasu wurare domin rufin ya sauka a hankali. Cire dirkar baya shi ne aiki mafi haɗari, don kuwa mutum ne yake janye abin da ke riƙe da dutsen da ke bisa kansa. Tsofaffin ma'aikata sun fi son dirkar itace saboda tana "magana": kafin ta karye takan yi ƙara, mai kunne ya gudu.

Da injinan fafe gindin kwal da bel mai tafiya suka shigo, sai aka raba aikin yini kashi uku. Rukuni ɗaya ya fafe ya huda ramukan nakiya, na biyu ya kwashe da shebur, na uku ya matsar da bel da dirkoki. Wannan rabo ya wargaza ƙananan ƙungiyoyin da a dā suke zaɓar junansu suna aiki tare, ya mai da mutane arba'in ko hamsin masu jiran juna ba tare da sun haɗu ba. A 1951 Eric Trist da Ken Bamforth, wanda shi kansa tsohon ma'aikacin kwal ne, suka buga wani nazari a kan illar da hakan ya yi wa zaman ma'aikata. Har yau masu nazarin tsarin aiki suna karanta shi, ko da ba ruwansu da kwal.

Shirya yanki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a yanki ko da tan ɗaya daga dogon bango, sai an shata yankin da za a haƙa, an kewaye shi da hanyoyi. Yankin dogo ne mai kusurwa huɗu. A mahaƙun zamani faɗinsa kan kai mita 250 zuwa 400, tsawonsa kuwa kilomita 3 ko 4, wani lokaci fiye. Akan haƙa hanyoyi biyu, ko jerin hanyoyi biyu, ɗaya a kowane gefe, tun daga bakin yankin har ƙarshensa, sa'an nan a haɗa su da wata hanya a can ƙurya. Bangon wannan hanya ta ƙurya shi ne fuskar da za a fara yanka. Rufin hanyoyin ana ɗaure shi da dogayen ƙusoshin ƙarfe da ake turawa cikin dutse a manne su da wani irin gam, domin falle-fallen dutsen su zama kamar katako ɗaya mai kauri.

Hanyoyin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta ɗayar, wadda za a iya kira uwar hanya, ake fitar da kwal, ta nan kuma wutar lantarki da ruwa da iska mai kyau suke shiga. Iskar takan ratsa fuskar ta fita ta ɗaya hanyar, wato hanyar wutsiya, ɗauke da ƙura da gas.

Akwai salo biyu na tafiyar da fuska. A salon kutsawa, ana farawa daga kusa a nufi nesa, ana gina hanyoyin gefe yayin da ake tafiya. Wannan shi ne ya daɗe a Ingila. A salon ja da baya kuwa, ana gama hanyoyin tukuna, a fara daga nesa a nufo gida. Na biyun ya fi cin kuɗi da lokaci a farko, amma shi ya rinjaya a yau, kuma da dalili. Mai ja da baya ya riga ya ga halin shimfiɗar tun yana haƙa hanyoyi, kuma kullum hanyar fitarsa tana cikin ƙasar da ba a taɓa ba. Abin da ya rushe yana bayansa, ba ya bukatar komawa ta ciki.

Injina uku

A kan fuska injina uku ne suke aiki kamar jiki ɗaya.

Na farko shi ne injin yanka. Dogon inji ne mai nauyin tan 75 zuwa fiye da 100, yana da hannu a kowane ƙarshe, kowane hannu yana riƙe da ganga mai juyawa wadda aka dasa wa haƙoran ƙarfe masu tsananin tauri. Gangar gaba tana yankan sama, ta baya tana yankan ƙasa, ana ɗaga su ko a sauke su gwargwadon kaurin shimfiɗar. A kowane wucewa injin yana cin kimanin mita ɗaya cikin fuskar. James Anderton, wani jami'in Hukumar Kwal ta Birtaniya a yankin St Helens, shi ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1950. Ƙaramin lissafi zai nuna ƙarfinsa. In fuska tana da tsawon mita 300, kaurin kwal mita 3, aka ci mita 1, an yanke abin da ya kai tan 1,200 a wucewa ɗaya, kuma hakan ba ya cika ɗaukar awa guda.

Inda shimfiɗar ta yi siriri, akan yi amfani da wani injin dabam wanda aka ƙirƙiro a Ibbenbüren ta ƙasar Jamus wajen farkon shekarun 1940. Shi ba shi da ganga. Ƙarfe ne mai haƙora da sarƙa take ja da gudu a jikin fuskar, yana kankare 'yan santimita kaɗan a kowane wucewa. Turawan Ingila sun kira shi garma, Jamusawa kuwa suka ba shi sunan abin da kafinta yake goge katako da shi. Sunan Jamusawan ya fi kusa da gaskiya, domin kankara yake yi, ba huɗa ba.

Inji na biyu shi ne magudanar sarƙa. Jerin farantan ƙarfe ne masu kauri da aka harhaɗa tun daga wannan ƙarshen fuska zuwa wancan, sarƙa mai sanduna a gicciye tana tafiya a cikinsu tana jan kwal ɗin da ya zubo. A Jamus aka ƙera ta a shekarun 1940, shi ya sa har ma'aikatan Ingila suke ce mata "panzer", kalmar Jamusanci mai nufin sulke. Ba jigila kaɗai take yi ba. Ita ce kuma titin da injin yanka yake hawa yana tafiya a kai. Mahaɗan farantanta suna ɗan lanƙwasa, saboda haka ana iya tura ta gaba sashe-sashe, tana murɗawa kamar maciji, ba tare da an kwance ta ko an tsayar da ita ba. A bakin uwar hanya tana zuba kwal a wata gajeriyar magudana mai injin farfasa manyan dunƙule, daga nan ya hau bel zuwa waje.

Inji na uku shi ne garkuwa, kuma a nan ne ya kamata a dakata, domin ita ce ta mai da dogon bango abin da yake a yau. Kowace garkuwa tana da gindin ƙarfe da ke zaune a ƙasa, da laimar ƙarfe da ke manne da rufi, da ƙafafu biyu ko huɗu a tsakaninsu masu aiki kamar jak ɗin mota, sai kuma wani faranti a baya da ya gangaro ya tare duwatsun da ke faɗowa. Ruwan da ke tura ƙafafun kusan duk ruwa ne zalla da ɗan mai kaɗan a ciki, domin mai tsantsa abin kama wuta ne. Faɗin garkuwa ɗaya mita 1.5 ne zuwa 2, nauyinta tan 30 zuwa 40, kuma manya daga ciki suna iya ɗaukar nauyin tan 1,000. A fuska mai mita 300, in faɗin kowace mita 1.75 ne, garkuwa wajen 170 ke nan a jere kafaɗa da kafaɗa. Ƙarƙashinsu akwai wani siririn lungu, nan ne kaɗai wurin da ɗan Adam yake tsayawa. Dirkoki masu matsawa da kansu sun bayyana a Birtaniya a shekarun 1950. Siffar garkuwa mai farantin baya kuwa daga Tarayyar Sobiyat ta samo asali, aka inganta ta a Jamus a shekarun 1970.

Kada a ɗauka garkuwa tana riƙe da dukan dutsen da ke sama har zuwa doron ƙasa. Babu ƙarfen da zai iya haka. Abin da take riƙewa shi ne 'yan mitocin dutsen da ke kusa, na ɗan lokaci. Babban nauyin yana sauka ne a kan kwal ɗin da ba a yanka ba a gaba da kuma tarin duwatsun da suka rushe a baya. An ma yi ƙafafunta yadda in nauyi ya wuce kima za su saki ruwa kaɗan su ɗan sauka, maimakon su karye. Ba kokawa take yi da dutsen ba, jinkirta shi take yi.

Yadda ake taku

Da injin yanka ya wuce gaban wata garkuwa, sai ta ɗan sauke laimarta, ta ja kanta gaba mita ɗaya, ta sake tokare sabon rufin da aka buɗe. Sa'an nan ta kusa da ita ta yi haka, ɗaya bayan ɗaya, suna bin injin. Abin da garkuwa take kamawa ta ja kanta shi ne magudanar sarƙa, ta hanyar wani jak da ke kwance a gindinta. Bayan ta kafu, da wannan jak ɗin dai take tura magudanar gaba zuwa jikin sabuwar fuska. Wato magudana ce madogarar garkuwa in za ta matsa, garkuwa kuma ita ce madogarar magudana. A dā mutum ne yake bi yana murɗa kowace. Yanzu kwamfuta ce take ba su umarni, a wasu mahaƙun Ostareliya da Sin ma daga wani ɗaki nesa da fuska ake lura da tafiyar. Mutum goma ko ƙasa da haka sun isa su tafiyar da fuskar da ke fitar da miliyoyin tan a shekara.

Sararin da aka bari a baya shi ne kufai. Ba mai shiga, ba mai tokare shi. Rufinsa yakan tsage ya zube, kuma haka ake so. Abin tsoro ma shi ne ya ƙi zubewa. Inda dutsen sama ya cika tauri, yakan rataye a kan fili mai faɗi, sa'an nan ya faɗo gaba ɗaya ya turo iskar kufai da ƙarfin da zai iya jefar da mutum, ya kuma koro gas zuwa inda ake aiki. Shi ya sa a irin wannan wuri akan raunana rufin da gangan, da nakiya ko da ruwa mai matsi.

A ƙasar Sin, wadda take haƙa kimanin rabin kwal ɗin duniya, an bunƙasa wata dabara da ta samo asali daga Faransa domin shimfiɗa mai kauri ƙwarai. Ana yankan ƙasan shimfiɗar kawai, a bar kwal ɗin sama ya rushe da kansa a bayan garkuwa, a buɗe farantin baya ya zubo a kan magudana ta biyu. A wasu wuraren kuma garkuwar suka ƙara wa tsawo: a 2018 aka fara aiki da mai tsawon mita 8.8 a mahaƙar Shangwan.

Idan yanki ya ƙare, sai a kwance komai a kai sabon yanki. Wannan ƙaura takan ɗauki makonni.

Gas da ƙura

Garkuwa ta rage mutuwa ta faɗowar dutse ƙwarai, amma saurin yanka ya ƙara wasu haɗura biyu. Kwal yana ɗauke da iskar metan, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana fashewa in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iska. Gwargwadon saurin yanka, gwargwadon yawan gas ɗin da ke fitowa, kuma kufai rumbunsa ne. Don haka akan huda shimfiɗar a tsotse gas tun kafin a iso, a huda rijiyoyi daga sama zuwa kufai, a kuma ɗaura wa injin yanka ma'aunin da zai yanke wuta in gas ya yi yawa. Ƙurar kwal ita ma tana fashewa, har ta fi gas ɓarna. Maganinta shi ne fesa ruwa daga jikin gangar, da barbaɗa garin dutsen farar ƙasa a hanyoyi domin ya kashe kaifinta.

Abin da ke faruwa in aka yi sakaci da waɗannan ya bayyana a ranar 5 ga Afrilu, 2010, a mahaƙar Upper Big Branch ta jihar West Virginia a Amurka. Masu bincike sun gano cewa wutar ta tashi ne a wajen injin yanka ta ɓangaren hanyar wutsiya, inda haƙoran da suka cinye suke gogar dutse, kuma wasu bakunan fesa ruwa ba sa nan ko sun toshe. Ƙaramar wutar gas ta tayar da ƙurar da ba a rufe da garin dutse yadda ya kamata ba, fashewar ta bi hanyoyin mahaƙar. Mutum 29 suka rasu. Babu ɗaya daga cikin abubuwan da suka gaza da yake sabon ilimi ne.

Ƙurar da ba ta fashe ba kuma tana taruwa a huhu shekara da shekaru. A jihar Queensland ta Ostareliya an ɗauka cutar baƙin huhu ta ɓace, sai ga shi an sake gano ta a jikin ma'aikata a 2015.

Abin da ke faruwa a sama

Rushewar kufai ba ta tsayawa a ƙasa. A hankali takan hau har doron ƙasa ya lotsa, sau da yawa da fiye da rabin kaurin abin da aka cire. Masu kare hanyar suna cewa wannan lotsawa ana iya lissafa ta tun kafin a fara, kuma yawancinta tana aukuwa cikin 'yan watanni, ba kamar ginshiƙan tsohuwar hanya ba da kan rushe ba zato bayan shekaru hamsin. Maganarsu gaskiya ce, amma ba ta sanyaya zuciyar manomin da rijiyarsa ta ƙafe ko bangon gidansa ya tsage. A yankin Ruhr na Jamus, inda aka cire shimfiɗa bisa shimfiɗa, wasu wurare sun nutse da fiye da mita 20, har suka koma ƙasa da kogunan da ke kusa da su. An rufe mahaƙar baƙin kwal ta ƙarshe a ƙasar, Prosper-Haniel da ke Bottrop, a Disamba 2018, shekara uku bayan Birtaniya ta rufe Kellingley. Amma famfunan da ke kwashe ruwa a Ruhr ba su da ranar tsayawa, kuma tun 2007 aka kafa wata gidauniya domin biyan kuɗinsu.

Inda take ci da inda ba ta ci

Dogon bango yana son shimfiɗa mai faɗi, mai kauri bai ɗaya, wadda ba ta karye ba. Kayan suna da tsada ƙwarai, kuma dukan mahaƙar ta dogara ga fuska ɗaya ko biyu. In sarƙa ta tsinke ko aka ci karo da inda ƙasa ta karye shimfiɗar ta goce sama ko ƙasa, komai ya tsaya cik. Nijeriya ta ga wannan da idonta. A Inugu, inda aka fara haƙar kwal a 1916, an kawo injinan dogon bango daga ƙasar Foland a ƙarshen shekarun 1970 domin farfaɗo da mahaƙun bayan yaƙin basasa. Karyewar shimfiɗa, da raunin dutse, da ruwan mahaƙa mai tsami da ke cin ƙarfe, da wuyar samun kayan gyara, suka taru suka hana shirin cin nasara. A Nijar kuwa tambayar ba ta ma taso ba. Kwal ɗin Anu Araren, kusa da Cirozerin, wanda ake ƙonawa domin ba Arlit da Agadas wutar lantarki tun farkon shekarun 1980, bai yi zurfi ba, saboda haka yaye ƙasar da ke kansa ake yi a kwashe shi a fili.